Faifan Ajiya Yana Ciki, Kwamfuta Ta Ce Babu Shi

 

Mas'alar da za mu tattauna yau, duk wanda yake ma'amala da kwamfuta, ko ba jima ko ba daɗe, sai ya ci karo da ita. Ga faifan ajiya yana cikin kwamfuta, wataƙila ma yanzu ka sayo shi ka ɗaura da hannunka, amma kwamfuta ta kafe ta ce ita ba ta ga kome ba. Faifan ajiya, ga wanda bai sani ba, shi ne ɗan akwatin nan inda takardunka da hotunanka suke zaune, ko irin na da mai juyawa, ko irin na yanzu marar motsi da ake kira SSD. A cikinsa kuma babbar manhaja take, watau Windows ko Linux da makamantansu, wadda ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya.

Abin da aka saba yi a wannan hali iri biyu ne, dukansu kuwa gaggawa ce ta haife su. Wani ya ce faifai ya mutu, a sayi sabo. Wani ya ce a goge kome a sake zuba Windows. Na farko ya yi hasarar kuɗi, na biyu ya yi hasarar abin da kuɗi ba ya sayowa, alhali sau da yawa faifan lafiyarsa lau.

Malaman hadisi, Allah ya saka musu da alheri, ba su karɓar labari sai sun bi silsilar waɗanda suka ruwaito shi, wane daga wane, wane kuma daga wane, har zuwa tushe. In kuwa suka tarar da wuri guda inda mai ruwaya bai sadu da wanda ya ce ya ji daga gare shi ba, sai su ce isnadi ya yanke, su kuma nuna ainihin inda ya yanke ɗin. To, labarin faifai ma ta silsila yake isowa gare ka. Tambayar da za ka riƙe ke nan har ƙarshen shirin nan: a ina silsila ta yanke?

Fasali na farko, mu san silsilar kanta.

Faifai yana bukatar wuta. Bayan wuta, waya ko ramin da ya haɗa shi da babban faranti na cikin kwamfuta, wanda masu gyara suke kira madabod. A kan madabod akwai wani ɗan guntu mai kula da ƙofofin faifai, mu kira shi mai kula. Sa'an nan sai BIOS, watau ƙaramar manhajar da ke farkawa tun kafin Windows, wadda a sababbin kwamfutoci ake kira UEFI. Sa'an nan sai direba, ƙaramar manhaja ce a cikin babbar manhaja wadda ta san harshen mai kula, take yi musu tafinta. Daga ƙarshe sai rabon faifai da harafin da ake ba shi, C ko D ko E. Wuta, waya, mai kula, BIOS, direba, rabo. Shida ke nan.

Yadda direba yake gano faifai kuwa abu ne mai tsari. In babbar manhaja ta tashi, takan bi na'urorin da ke kan madabod ɗaya bayan ɗaya tana tambayar kowace lambarta, domin kowace tana da lambar kamfanin da ya ƙera ta da lambar irinta. Lambar kamfanin Intel, alal misali, 8086 ce. In lambar mai kula ta dace da wata a cikin jerin da wani direba ya sani, sai a haɗa su. Daga nan direba ya bi ƙofofi, ya aika wa kowace alamar farkarwa, in wani abu ya amsa, sai ya aika da umarnin da ake kira IDENTIFY, ma'ana ka bayyana kanka. Faifai lafiyayye yakan maido amsa ta bayit 512, a cikinta akwai sunansa da lambarsa da girmansa da abin da yake iyawa. Sai an sami wannan amsa babbar manhaja take yarda akwai faifai.

Fasali na biyu, tambayar da ta raba mas'ala gida biyu: shin BIOS yana ganin faifan?

Ka kunna kwamfuta, ka yi ta danna F2 ko Delete, a wasu kuma F10 ko Esc, har shafin BIOS ya buɗe. Ka nemi inda aka jera faifai. In sunan faifanka ba ya nan, to, galibi ka bar zargin direba, domin ba a ma zo kansa ba tukuna. Ka kashe kwamfuta, ka zare ta daga wuta, ka buɗe.

Faifan SATA, wanda ya fara yaɗuwa daga shekarar 2003, wayoyi biyu ke shiga bayansa: siririya mai haƙora 7 ta bayanai, da mai faɗi mai haƙora 15 ta wuta. Ka zare su, ka kaɗe ƙura, ka mayar har sai sun zauna daram. A wurarenmu inda ƙurar hunturu ke shiga kowane lungu, wannan kaɗai yakan warware mas'ala. In bai yi ba, ka canja siririyar wayar da wata, sa'an nan ka canja ƙofa. Abu ɗaya za ka riƙa canjawa a kowane gwaji. Na maimaita, abu ɗaya, domin wanda ya canja uku a lokaci guda, ko ya yi nasara bai san dalili ba, gobe kuma in abin ya dawo sai ya koma farko.

Ka kuma kasa kunne. Faifai mai juyawa, in ka ɗora yatsa a kansa, za ka ji ɗan kaɗawa kamar numfashi. Babba mai inci uku da rabi yana bukatar wuta iri biyu, bolt 12 da bolt 5, ƙarami na laftof kuwa bolt 5 kawai. Akwatin wutar da ya tsufa, ko ya sha wahalar ɗaukewar wuta da hawa da saukar janareta, yana iya kunna kwamfuta ya kasa tayar da faifai. Haka nan faifan waje da ake jonawa ta USB: tsohuwar ƙofa ta USB 2.0 rabin amfiya take bayarwa, ta USB 3.0 kuwa kusan amfiya guda, saboda haka faifan da ya yi ta ƙyas-ƙyas a wannan ƙofa yana iya tashi sumul a waccan.

Akwai wasu abubuwa biyu masu ruɗa ko da gwanaye. Na ɗaya, wasu manyan faifai na zamani suna ɗaukar wutar da ta zo ta haƙori na uku na wayar wuta a matsayin umarnin su kashe kansu, ƙa'idar da ta shiga tsarin SATA 3.3 a 2016, alhali tsofaffin akwatunan wuta kullum suna tura bolt 3.3 ta wannan haƙori. Sai ka ga faifai sabo ful ya ƙi motsi sam, maganinsa kuwa wayar wuta ce wadda ba ta ɗauke da wannan layi. Na biyu, ɗan siririn faifan nan mai kama da sandar cingam da ake sokawa a ramin M.2, iri biyu ne, akwai na SATA akwai na NVMe, kuma ba kowane rami ke karɓar duka biyun ba. A wasu madabod ma, da ka soka shi sai ɗaya daga ƙofofin SATA ta daina aiki, domin hanya guda suka yi tarayya a kanta. Littafin madabod ne zai gaya maka wace ƙofa ce.

Fasali na uku, kuma a nan za mu ɗan daɗe, domin nan ne zuciyar zancen. BIOS yana ganin faifai, amma babbar manhaja ba ta gani.

In haka ta faru, ka yi hamdala, domin ka sami hujja cewa wuta da waya da faifan kansa suna aiki. Silsila ta yanke ne tsakanin mai kula da direba. Dalilin da ya fi yawa shi ne, mai kula guda ɗaya yana iya magana da harshe fiye da ɗaya, BIOS ne kuwa yake zaɓa masa wanda zai yi. Akwai tsohon harshe na IDE, wanda asalinsa ya koma 1986. Akwai AHCI, wanda Intel ya fitar da ƙa'idarsa a 2004. Akwai kuma RAID, wanda a wasu kwamfutoci za ka ga an rubuta RST. In ka canja harshe, mai kula yakan canja har lambar da yake gabatar da kansa da ita, ya zama tamkar wata na'ura dabam a idon babbar manhaja, kowane harshe kuma da direbansa.

Waɗanda suka yi aikin gyara a zamanin Windows XP, wadda ta fito a 2001, ba su manta wannan ba. XP ba ta zo da direban AHCI ba, domin ta girme shi. Mai zuba ta a sabuwar kwamfuta dole ya danna F6 a farkon aiki, ya miƙa direba a kan fulofi, wannan ɗan faifai mai kusurwa huɗu da yaran yanzu ba su taɓa gani ba, ko kuwa ya shiga BIOS ya mayar da mai kula kan IDE. Sai da Windows Vista ta zo aka sa direban AHCI a ciki. Tarihi kuma ya maimaita kansa da NVMe, wanda ƙa'idarsa ta farko ta fito a 2011: Windows 7 ba ta san shi ba sai an ƙara mata gyara, Windows 8.1 ce ta zo da direbansa tun daga gida.

Kada wani ya ce wannan labarin da ne. Laftof da yawa masu ɗauke da masarrafar Intel ta ƙarni na 11, waɗanda suka fara fitowa a 2020, da na bayansu, suna zuwa da wani tsari a kunne mai suna VMD, wanda yake ɓoye faifai a bayan wani mai kula na dabam. Ka sa filash ɗin Windows, ka kai shafin da ake zaɓen inda za a zuba ta, sai ka tarar da shafi fayau. Magani biyu ne. Ko dai ka ɗauko direban Intel RST daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, ka sa a filash, ka danna inda aka rubuta Load driver, watau ɗora direba. Ko kuwa ka kashe VMD a BIOS kafin ka fara zubawa. Linux ma tana da irin tata: in faifan NVMe yana ɓoye a ƙarƙashin RAID a wasu kwamfutocin Intel, direban AHCI nata yakan rubuta ƙarara cewa ya ga faifan da aka karkatar, a mayar da BIOS kan AHCI.

Yanzu ga wata gaɓa mai wuyar fahimta, ku ba ni hankalinku. Direba yana zaune ne a cikin faifai, amma kuma sai da direba ake karanta faifai. To, yaya za a yi? Abin da ake yi shi ne, BIOS yakan taimaka a ɗauko 'yan direbobi kaɗan na larura a farkon tashi, waɗanda babbar manhaja ta riga ta yi wa alama; a Linux ana tara su cikin wani ɗan ƙunshi da ake kira initramfs. In aka zuba Windows lokacin da mai kula yake kan IDE ko RAID, daga baya wani ya mayar da shi AHCI, Windows za ta fara tashi, ta nemi faifan da ta fito daga cikinsa ta rasa, domin direban sabon harshen ba ya cikin waɗanda aka yi wa alama. Sai fuskar kwamfuta ta yi shuɗi. A tsofaffin Windows lambar kuskuren tana ƙarewa da 7B, a sababbi kuwa ana rubuta INACCESSIBLE BOOT DEVICE, ma'ana an kasa isa ga faifan tashi.

Mai sauraro zai ce, ni ban taɓa shiga BIOS ba. Na yarda. Amma a kan madabod akwai wani ɗan batir mai kamar kwabo, lambarsa CR2032, wanda yake riƙe wa kwamfutoci da yawa agogo da zaɓin BIOS. In ya ƙare, zaɓin yana iya komawa yadda aka fito da shi daga masana'anta ba tare da kowa ya taɓa ba. Alamarsa ita ce agogon kwamfuta ya koma wata shekara da ta shuɗe. Galibin kwamfutocin tebur da muke saye na hannu ne, sun yi shekaru a wani ofis kafin su iso, don haka ni a ganina wannan batir ya kamata a fara tuhuma kafin a tuhumi faifai. Ka canja shi, ka mayar da harshen mai kula yadda yake da, sai ka ga Windows ta tashi kamar ba abin da ya faru.

Wanda kuwa yake son canja harshen da gangan, hanyar da aka sani a Windows 10 da 11 ita ce ya umarce ta ta tashi a yanayin kariya, wanda ake kira Safe Mode, sa'an nan ya canja a BIOS, ya bar ta ta tashi a wannan yanayi sau ɗaya domin ta ɗora sabon direba, kana ya koma tashi na yau da kullum. Amma da sharaɗi biyu. In faifan a kulle yake da BitLocker, lalle ya tanadi lambar buɗewa mai alƙaluma 48 tukuna, domin ana iya tambayarsa ita. In kuwa da gaske faifai biyu aka haɗe suka zama ɗaya a ƙarƙashin RAID, kada ya taɓa wannan zaɓi ko kusa.

Fasali na huɗu, yadda ake sauraron shaidar direba.

Direba ba ya aiki a ɓoye, yana rubuta abin da ya gani. A Linux, umarnin da ke nuna wannan rubutu haruffa biyar ne: d, m, e, s, g. Direbobin faifan SATA na Linux suna ƙarƙashin wani sashe ne mai suna libata, wanda Jeff Garzik ya assasa, Tejun Heo kuma ya yi aiki mai yawa a kan yadda yake magance kuskure. A cikin rubutun za ka ga layi ga kowace ƙofa. In ya ce link up, an gaisa da faifai. In ya ce link down, ba wanda ya amsa. Kusa da shi akwai kalmar SStatus da lamba, kamar 133. Alƙalamin ƙarshe, 3, yana nufin an ga faifai kuma magana ta ƙullu. Da 1 ne, an ji motsin wani abu amma magana ba ta ƙullu ba. Da sifiri ne, ƙofar ba kowa. Na tsakiya kuwa sauri ne: 1 gigabit ɗaya da rabi a daƙiƙa, 2 gigabit uku, 3 gigabit shida.

Dubi yawan abin da lamba guda ta gaya maka. Sifiri ya mayar da kai ga wuta da waya. In kuwa an gaisa amma aka rubuta cewa IDENTIFY ya gaza, zargi ya karkata ga faifan kansa, ko ƙarancin wuta. In ka ga direba yana ta sake farkar da ƙofa yana rage sauri daga shida zuwa uku zuwa ɗaya da rabi, mafi rinjayen zato waya ce. Akwai ma tabbaci: faifai yana riƙe da lissafin lafiyarsa da ake kira SMART, lamba ta 199 a ciki tana ƙirga kuskuren da ya auku a kan waya, lamba ta 5 da ta 197 kuwa suna ƙirga wuraren da suka lalace ko ake shakkarsu a jikin faifan. In 199 ce ke hawa, sayi waya. In 5 da 197 ne ke hawa, kwashe kayanka yau.

Mai Windows kuma ya buɗe Device Manager, watau jerin na'urori. Na'urar da ba ta da direba za ka gan ta da alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa. Ka buɗe bayananta ka nemi lambobin da suka biyo bayan VEN da DEV, na farko kamfani, na biyu irin na'ura. Da su za ka nemi direba, daga shafin wanda ya ƙera kwamfutar. Manhajojin nan da ke alkawarin sabunta maka dukan direbobi da dannawa ɗaya, ban ba kowa shawarar ya bar su kusa da direban faifai ba.

Ko kai ba mai Linux ba ne, yana da kyau ka ajiye filash guda mai ɗauke da ita, irin wadda ke tashi ba tare da an zuba ta ba. In ta ga faifan da Windows ta kasa gani, ka sami shaida na biyu, kuma ta nan za ka iya kwashe takardunka kafin ka taɓa kome.

Fasali na biyar gajere ne, amma a nan aka fi yin kuka. Direba ya ga faifai, sai dai bai fito cikin jerin C da D ba. Ka buɗe Disk Management, inda ake rabon faifai. In sabon faifai ne, dama haka yake zuwa, sai an raba shi an ba shi harafi. In ya haura terabayit biyu, ka zaɓi tsarin GPT, domin tsohon tsarin MBR a nan iyakarsa take, kamar yadda tsofaffin kwamfutoci suke tsayawa a gigabayit 137 kafin a faɗaɗa lissafi daga bit 28 zuwa 48. Wani lokaci ma harafi kawai ya rasa, ka ba shi, shi ke nan.

Amma in tsohon faifai ne mai kayanka a ciki, Windows kuma ta ce a yi masa Initialize ko Format, watau a shimfiɗa masa sabon tsari ko a share shi, kada ka amsa. Na sake faɗa, kada ka amsa. Wannan tambaya tana nufin Windows ta kasa karanta taswirar faifan ne kawai, wataƙila taswirar ta lalace, wataƙila kuma an tsara shi a Linux ko a kwamfutar Apple, kayan kuwa galibi suna nan. Faifan da yake ƙara ƙwas-ƙwas a kai a kai bayan ka tabbatar wuta ta ishe shi, ka kashe shi nan take, domin kowace kunnawa tana iya ƙara masa rauni. In za ka kai wa mai gyara, ka rubuta masa a takarda ko BIOS yana ganin faifan, da harshen da mai kula yake kai, da ainihin saƙon da ya fito a fuskar kwamfuta, ka kuma gaya masa da bakinka cewa akwai kaya a ciki, ba ka yarda a share ba sai an kwafe.

A nan za mu dasa aya, sai wani mako in Allah ya kai mu.